Numfashin da Nomau Ya Ba da Aro

A wani zamani da ya shuɗe, tun ana narka tama a gindin duwatsu, akwai wani ƙauye wai shi Tungar Masaba. A nan aka yi wani maƙeri, Nomau, da matarsa Tasalla. Nomau gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani, don garmar da ya ƙera sai uba ya yi noma da ita ya bar wa ɗa. Amma yana da wani ciwo da ya gagari boka da malam: bai iya cewa a'a ba. A ari masabarsa ta dukan ƙarfe, a ari awartakinsa na kama jan ƙarfe, a ari jakinsa a dawo da shi da gyambo, shi dai sai murmushi da "ba komai". Tasalla kuwa Allah Ya yi ta da baki kamar barkono. Ta yi faɗan har muryarta ta dushe, a banza.

Abu guda ne maƙeran ƙasar ba sa ba da aronsa, ko da ga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne zugazugi. Ga wanda bai taɓa leƙa maƙera ba, zugazugi fatun akuya ne guda biyu da aka feɗe ba a tsaga cikin ba. Kowace tana da 'yan itatuwa a baki inda mai zuga ke riƙewa, ƙasansu kuma ya haɗu a bututu ɗaya mai kallon wuta. Ka ɗaga wannan ta sha iska, ka danna waccan ta fesa wa gawayi. Da shi ƙarfe ke yin laushi, in babu shi maƙeri da masabarsa 'yan kallo ne. To al'adarsu ita ce, ranar da aka ɗinka sabo, mai shi zai kafa baki a bututun, ya yi bisimilla, ya hura masa numfashin farko. Iska ta yi ta shiga tana fita shekara da shekaru, amma wannan numfashin yana nan kwance a gindin fata, kamar yadda ƙanshin man shanu ke zama a ƙwarya ko an wanke ta. Shi ya sa ba a ba da shi. Wa ke ba da aron ƙirjinsa?

Nomau mana!

Wata rana da hantsi, ana jiran faɗuwar damina, Tasalla ta tafi rafi wanki. Manoma sun cika maƙera kowa da fartanyarsa, sai ga wani baƙo dogo, baƙi wuluk, idanunsa jajur kamar gauta. Ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, uban masu wuta. Ni ma maƙeri ne daga nesa, sunana Tartsatsi. Maigidana yana da ɗan aiki a kan wuta, zugazuginmu ya ƙone. Ka taimaka mana da naka. Da mun gama zan dawo da shi da hannuna."

Nomau ya sosa ƙeya. Ya san al'ada sarai, ba mantuwa ya yi ba. Amma baƙo ne, ga shi a durƙushe, ga mutane sun zuba ido. Kunya ta rufe shi. Ya ce, "To, ba komai. Sai kun gama."

Kunyar mara kunya asara ce, jama'a. Baƙo ya saɓa zugazugi ya yi daji.

Kafin Tasalla ta dawo da kwandon wanki, Nomau yana kwance a ƙasan maƙera, ƙirjinsa yana hawa yana sauka da ƙarfi, fuu, faa, fuu, faa, kamar wanda kura ta koro. Ba shi ke yin numfashin ba, yi masa ake yi. Magana ta gagara, ruwa ma in an ba shi sai iskar ta feso shi waje. Aka kinkime shi zuwa ɗaki. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Kwana da kwanaki ƙirjin nan bai sassauta ba, bai bar shi ya runtsa ba, har haƙarƙarinsa suka fito ana iya ganinsu ta cikin riga.

Ƙaninsa Arzika ne ya gaya wa Tasalla gaskiyar abin da ya faru, shi ma sai da ta tsare shi a zaure.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Ya ba da me? Kuna zaune? Ƙattin banza cike da maƙera, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce kai, ba a yi?"

Arzika ya ce, "Yaya Tasalla, sai haƙuri. Abin da Allah Ya ƙaddara..."

"Rufe min baki! Allah ne Ya ɗinke maka leɓe ranar? Ta ina baƙon ya bi?"

Ba ta ma buƙaci amsarsa ba. A bayan maƙera ta ga sawun mutumin, kowane taku ya ƙona ƙasa ya bar baƙi, ko ciyawa ba ta tsira a wurin ba. Ta koma ɗaki ta tsaya a kan mijinta. Ranta yana tafasa, kuma tausayinsa ya kama ta har ta ji ƙwalla. Ta ce, "Maigida, faɗan da zan yi maka na ajiye shi, yana nan yana jiranka. Kada ka kuskura ka mutu kafin in dawo." Ta ɗaure zane tamau, ta ci ɗamara da gyale, ta zari muciya, ta bi sawu.

Ta yi tafiya har gonaki suka ƙare, daji ya ƙare, ta shiga wani dajin da ba irin namu ba. Itatuwansa ba ganye ko ɗaya, sai ƙaya, kuma ƙayar ta ƙarfe ce, tsini kamar basilla. In iska ta kaɗa sai su dinga ƙara suna gogar juna. Tasalla ta sa muciya tana bankaɗe rassa dama da hagu, tana zagin duk wanda ya shuka su, har ta fita.

Gaba kaɗan ta tarar da kogi, ruwansa ja kamar tsatsa, yana tururi. Ashe duk ruwan da maƙeran aljanu ke tsoma jan ƙarfe a ciki nan yake malalowa. An ɗaura wata sarƙa daga gaɓa zuwa gaɓa. Ta soke muciya a ɗamara, ta kama sarƙar da hannu biyu, ta yi ta lilo tana ja har ta haye. Tafin hannunta duk ya saluɓe.

Daga nan sai ga wani jan dutse ya tokare sama, a jikinsa ƙofar ƙarfe, a bakin ƙofar wani ƙaton aljani a zaune. Kansa kai ne, ƙafafunsa ƙafafu ne, amma ƙirjinsa rami ne fayau, kana hango dutsen ta cikinsa.

Ya ce, "Tsaya nan, ya ke 'yar Adam. Wannan ita ce ƙofar birnin Sarki Narkau, sarkin maƙeran ƙarƙashin ƙasa. Ba mai shiga sai ya biya, kuma mu ba ma karɓar wuri ko zinariya. Iskar bakin bil'adama muke karɓa. Ki ba ni ajiyar zuciya guda, mai nauyi, irin ta matar da mijinta ke kan gargara."

Kai, wannan rashin ta-ido da yawa yake! Sun kwashe numfashin mijinta, kuma ita ma a bakin ƙofa sai ta biya da nata. Tasalla ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Iskar bakina kake so? Ungo." Ta ja wani tsaki mai tsawo, irin wanda ta shekara tana tara wa masu aron jaki. Tsakin nan ya bi ta ramin ƙirjin aljanin ya daki ƙofa, sakata ta zare da kanta. Aljani ya yi ta waige-waige yana neman abin da ya same shi, ita kuwa ta wuce abinta.

Birnin yana cikin dutsen, ba rana ba wata, hasken wuta ne kawai. Gidajensu na ƙarfe, titunansu toka. Tun daga ƙofa take jin sautin da ta sani, fuu, faa, fuu, faa, daidai da ƙirjin da ta baro a gida. Ta bi sautin har tsakiyar gari. A nan ta ga maƙera wadda girmanta ya kai kasuwa, aljanu sun kewaye wani ƙarfe mai tsawon giginya suna ta duka. A gefen wuta ga Tartsatsi a gurfane, yana zuga da zugazugin Nomau kamar zai yaga shi. Ta gane zugazugin, har da facin da ita ta ɗinka a wuyan fatar dama. Bisa wata uwar maƙera, wato abin da ake dukan ƙarfe a kai, mai kama da tudu kuwa, Sarki Narkau ne a kishingiɗe, gemunsa hayaƙi, ya dafe kunci da hannu ɗaya.

Ya ce, "Wace ce wannan mai ƙamshin ruwa da ƙasa? Faɗi sunanki da buƙatarki, ya ke baƙuwa, don ba a shigo mana da ƙafa ba tun zamanin kakana."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sunana Tasalla, matar Nomau maƙeri na Tungar Masaba. Kayanmu na zo karɓa, wanda wancan ɓarawon ya ɗauko."

Masu duka suka tsaya cak. Sarki ya gyara zama ya ce, "Ki iya bakinki. Mu ba ma sata. Numfashin ɗan Adam ba ya yi mana aiki sai in da yardarsa ya bayar, shi ya sa muke aro. Mijinki ya ce sai mun gama, kuma ba mu gama ba."

"To ku da kuke da wannan uban birni, ku rasa fatar akuya biyu?"

"Fata ba ta yi mana wuya ba. Amma daga wuta aka halicce mu. In mun hura wuta da bakinmu, wuta ce ta hura wuta, ba ta ƙara komai. In mun ɗinka zugazugi, kafin a ɗaga a danna ya ƙone a hannunmu. Sai wanda ɗan Adam ya sa wa numfashinsa, shi ne ke jure mu, don numfashinku da sanyin ruwa a cikinsa. Mu muka nuna wa kakanninku tama a cikin dutse, amma wannan dabarar taku ce. Da can da karan dawa suke hura wuta har su suma. Sai wata mata ta zauna bisa salkar da ruwanta ya ƙare, iska ta fita ta bakin salkar ta tayar da garwashin da ya kusa mutuwa. Daga nan aka samo shi."

Tasalla ta ce, "Madalla. Mace ta samo shi, mace ta zo karɓarsa. Wai shin me kuke ƙerawa haka da ba ya ƙarewa? Takobin yaƙi ne? Ko ginshiƙin da zai riƙe muku dutsen nan kada ya faɗo?"

Sarki ya buɗe baki ya nuna mata wasu haƙora kamar turame. Ya ce, "Tsinken sakace ne. Wata tsoka ta maƙale mini a nan tun walimar naɗina, tana damuna. In an yi sauri, jikokin jikokinku za su ga an gama."

Inna lillahi! Tsinken sakace! Mutum yana can yana mutuwa, gonakin gari guda suna jiran garma, saboda wani ƙato ya ci nama bai iya sa yatsa ya cire ba. Tasalla ta ji duniyar tana juya mata don baƙin ciki. Ba ta san lokacin da ta yi tsalle ta sauke wa Tartsatsi muciya a tsintsiyar hannu ba. Muciya ta kama da wuta, shi kuma ya saki zugazugi ya yi baya yana ihu. Fatun biyu suka kwanta lakwas. Maƙera ta yi tsit.

Sarki Narkau ya yi dariya har toka ta tashi. Ya ce, "Dubi kwatarniyar can, ya ke mai zafin hannu."

Ta leƙa kwatarniyar ruwan da ke gefen wuta. A cikin ruwan sai ga ɗakinta, ga gadonta, ga Nomau. Ƙirjinsa ya tsaya. Bakinsa a buɗe, idanunsa sun kafe, Arzika yana jijjiga shi.

Ta yi kururuwa ta faɗa kan zugazugin, ta cafki itatuwan, ta ɗaga ta danna. A cikin ruwa ƙirjin Nomau ya ɗaga, ya sauka. Tsoro irin wannan ba ta taɓa jin sa ba tun da uwarta ta haife ta.

Sarki ya ce, "Kin gani. Tun ranar da fatar nan ta shigo ƙasarmu, ƙirjinsa ya daina aikin kansa. In ta tsaya, ya tsaya. Yanzu ke ce mai zugarmu. Sa hannu da sauri, ƙarfe yana hucewa."

Tasalla ta kafa wa kwatarniya ido. Shekara nawa tana kwana a gefen mutumin nan, ta san yadda yake numfashi in barci ya yi masa daɗi. Sai ta sassauta hannu. Ta ɗaga a hankali, ta danna a hankali. A cikin ruwa ta ga kafaɗunsa sun saki, yatsunsa da suka ƙanƙame tabarma sun buɗe, idanunsa sun lumshe. Barci ya ɗauke shi, na farko tun ranar da baƙon nan ya zo. Wutar maƙera kuwa ta fara lafawa, jan ƙarfe ya soma yin duhu.

Sarki ya daka tsawa, "Da sauri na ce!"

Ta ce, "Mijina barci yake yi. Ka rage murya."

"Zan sa a fizge shi daga hannunki, a jefa ki cikin wutar nan!"

"Bisimilla. Amma kafin nan sauko ka dubi gefen fatar." Ta karkata masa ita ba tare da ta tsaya ba. Gefen ya fara babbakewa, gashin ya murtuke. "Ka ce numfashinsa ne ke hana ta ƙonewa. To numfashin ya kusa ƙarewa, kun cinye shi. Ku mayar da shi gudun da kuke yi, kafin ƙarfen can ya sake yin ja mai shi ya mutu, fatar ta zama toka a hannun wancan sakaran. A hankali ba ta narka muku ƙarfe, da sauri ba ta kai ku ko'ina. Ka zaɓa."

Sarki ya sauko da kansa, ya duba, ya shinshina. Ya daɗe yana tsotsar haƙorinsa. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce, "Ke kuwa ƙirjinki da ƙarfi, ya Tasalla. Ga shawara. A kawo sabuwar fata ki hura mata naki, mu kuma mu kai wa mijinki nasa kafin ki ƙifta ido. Ba wahalar hanya, ba kogi, ba ƙaya. Ba kya son mijinki ne?"

Nan fa zuciyarta ta yi rawa, gaskiya ta yi. Ta tuna sarƙar kogi, ta tuna dajin ƙaya, ta dubi hannayenta biyu da ba za ta iya sakin komai da su ba. Sai ta tuna wa ke yi mata alkawarin.

Ta ce, "Ina son sa, shi ya sa ba zan aike ka wurinsa ba. Wanda ya ce ɗan aiki ne alhali na jikokin jikoki ne, shi zan ba ƙirjina ya riƙe? Gidanmu an ce ba komai sau ɗaya, ya isa. A'a. Ka ji ta da kyau? A'a!"

Tir! Sarki Narkau ya tofar da wani yawu da ya huda ƙasa. Ya ce, "Ɗauki tsiyarki ki fita. In kin kai, ki kafa masa bututun a baki, ki matse fatun biyu gaba ɗaya, ya janye abinsa. Amma ba mai rakiya, ba mai riƙe miki, hanya kuma yadda kika same ta haka za ki bar ta. In ya tsaya a hanya, alhakinsa a wuyanki."

Da haƙori ta kwance gyalenta, da gwiwa da haɓa ta ɗaure bututun a cikinta, hannu bai fasa aiki ba. Ta miƙe, fata ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta kama hanya tana ɗagawa tana dannawa. Yanzu babu kwatarniyar da za ta leƙa. Ko yana raye ko ba ya raye, sai ta isa za ta sani.

Mai gadin ƙofa yana hango ta ya toshe ramin ƙirjinsa da hannu biyu ya ba ta hanya.

A bakin kogi ta tsaya tana kallon sarƙa. Da wane hannu? Ta yi bisimilla ta taka cikin ruwan. Zafi ya kama ƙafafunta, ya hau gwiwa, ya hau ƙugu. Da ya kai ciki sai ta ciji gyalen ta ja bututun sama, ta ɗaga hannayenta bisa kai tana zuga a can. Ruwa ya kai mata wuya. Kafaɗunta kamar za su tsinke, ruwa yana jan ƙafarta, tana kuka tana zagin Narkau da haƙorinsa da wanda ya yanka masa naman. Da ta fita gaɓa fatar jikinta duk ta yi bororo, amma zugazugi ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Ƙishirwa ta dame ta, ba hannun ɗiban ruwa. Gumi ya shiga idonta, ba hannun sharewa. Zanenta ya kwance, ta dafe shi da gwiwar hannu ta ci gaba. Sau da yawa barci ya fizge ta a tsaye, sai ta farka a firgice ta tarar hannun bai tsaya ba.

Sai dajin ƙaya. Muciya ta ƙone, hannu ba dama. Tasalla ta juya baya, ta rungumo fatun a gabanta, ta shiga da baya da baya tana ture rassa da gadon bayanta. Ƙayar ƙarfe ta yi ta tsaga ta, jini yana bin ƙafafunta. Ba ta ko yi tsaki ba, duk hankalinta yana kan fatun. Har ta fara jin kukan tsuntsayen dajinmu, har ta ga koren ganye ta gefen ido, sai wani reshe da ta ture ya dawo da ƙarfi ta ƙarƙashin hammatarta. Tsuit! Ya huda fatar hagu a can gindi.

Wata iska mai ɗumi ta fito ta shafi hannunta. A cikin iskar ta ji murya, muryar Nomau ce tun yana saurayi, sabon aure, gemu bai fito ba, tana cewa "Bisimillahi." Ta yi maza ta danne hujin da cinya, amma ina! Iskar ta riga ta fita ta bi daji.

Tasalla ta durƙusa a wurin ta yi kuka mai ciwo, hannun dama yana ta aiki. Bayan duk wannan wahala, a bakin fita! Wane irin zalunci ne wannan? Ta yi kuka ta gaji, ba wanda ya zo. Ta tashi ta ci gaba da fata guda.

Da la'asar ta shigo Tungar Masaba. Tun daga nesa ta ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta, maza sun zauna jugum, wasu har an kawo musu fura. Arzika ya taso da farin ƙyalle a naɗe a hammata.

Ya ce, "Yaya Tasalla! Ke ce haka? Tun ɗazu ɓarin ƙirjinsa ɗaya ya daina motsi, muka ce gara a shirya..."

Ta ce, "Ya mutu ne?"

"A'a, tukuna."

"To ku naɗe tabarminku ku ba ni wuri! Da rai kuke zaman makokinsa, kuna shan furata? Matsa!"

Ta kutsa ɗaki. Nomau yana kwance kamar kara, ɓarin dama yana ɗagawa a hankali daidai da hannunta, ɓarin hagu shiru. Ta durƙusa a gefensa. Ta sa Arzika ya kwance gyalen ya kafa masa bututun a baki. A nan ne abin ya fi mata wuya, fiye da kogi, fiye da ƙaya. In ta matse, dole ta saki. Hannun da ya ƙi tsayawa tun daga ƙarƙashin dutse, yanzu ita za ta tsayar da shi, kuma ba ta da shaida sai maganar maƙaryaci.

Ta ce, "Maigida, ga abinka na kawo. Abin da ya saura ke nan. Ka ja, don Allah ka ja."

Ta haɗa fatun ta kwanta a kansu da duk nauyinta har suka lafe. Ta saki.

Ɗaki ya yi tsit. Ƙirjin bai motsa ba. Arzika ya fara salati a hankali. Tasalla ta ƙura ido, ita ma ta ƙi numfasawa.

Sai Nomau ya yi tari. Ya ja iska, gajeriya, da ƙyar, amma shi ya ja ta da kansa. Ya sake ja. Ɓarin hagu bai tashi ba, kuma bai ƙara tashi ba har ƙarshen ransa. Mutumin da ke wuni yana dukan ƙarfe, daga ranar ko masaba bai sake ɗagawa ba. Amma ya buɗe ido. Ya ga fuskar matarsa ta kumbura, ya ga hannayenta, ya ga jinin da ya bushe a zanenta. Hawaye ya gangaro masa.

Ya ce, "Tasalla... ki yi... ki yi mini..." Numfashin ya yanke, ya tsaya yana tattaro wani.

Ta sa tafin hannunta da ya saluɓe ta rufe masa baki.

Ta ce, "Yi shiru. Da bayana na biya shi kafin in kawo shi gidan nan, kuma rabi ne. Ba za ka ɓarnatar min da shi wajen ba da haƙuri ba."

Ta jingina da bango tana sauraron numfashinsa, yana shiga yana fita, ba da hannun kowa ba.